Zuwan Tarakta Ƙasar Ƙaura Namoda da Labarin Gwamnan Inji

A cikin wannan babi za mu ba da labarin wani ɗan ƙarfe wanda bai fi dunƙulen hannu girma ba, amma shi ne ke riƙe da ran injin noma. Makanikai suna ce masa gwamna. Yawancin manoman da ke biyan kuɗi a yi musu huɗa da tarakta ba su taɓa ganinsa ba, domin a ɓoye yake cikin inji, amma kowa ya taɓa jin aikinsa. In ka tsaya a bakin gona sa'ad da tarakta ke aiki, za ka ji da garma ta shiga ƙasa mai tauri sai kukan inji ya yi nauyi, hayaƙi ya ƙaru, alhali kuwa direba bai taɓa kome ba. Da an wuce wurin sai kukan ya koma yadda yake. To, wannan aikin gwamna ne. Kafin mu kai ga yadda ake daidaita shi, ya kamata mu san abin da ya sa aka bukaci tarakta a ƙasarmu, da inda gwamna ya samo asali, da kuma dalilin da ya sa taraktoci da yawa suka mutu tun ba su tsufa ba.

Ƙasar da noman da ke cikinta

Garin Ƙaura Namoda ya sami sunansa daga Namoda, shugaban Fulani Alibawa na wajen Zurmi, wanda ya yi jihadi a ƙarƙashin tutar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, yana kuwa cikin waɗanda suka ci Alƙalawa, babban birnin Gobir, a 1808. Ƙasar tana da jigawa mai yashi inda ake shuka gero da dawa da wake da gyaɗa, tana kuma da fadamu a bakin Gagare da Bunsuru, koguna biyu waɗanda ruwansu ke gangarawa ta wajen Shinkafi ya shiga gulbin Rima. Ruwan sama a nan gajere ne, wajen wata huɗu ke nan, daga Yuni zuwa Satumba. Wanda ya makara da shuka mako biyu ko uku, ya san abin da zai gani a rumbunsa da kaka.

Shekara da shekaru hauya da fartanya da garmar hannu su ne kayan aikin manomi, ƙarfinsa kuwa shi ne yawan mutanen gandunsa da 'yan gayya. Abin da ya sake al'amarin shi ne jirgin ƙasa. Hanyar jirgi ta isa Kano a 1911, cinikin gyaɗa ya buɗe. Daga baya aka ja wani reshe daga Zariya, ya bi ta Funtuwa da Gusau, ya ƙare a Ƙaura Namoda a 1929. Da garin ya zama ƙarshen hanyar jirgi, sai kamfanoni suka kafa sikeli, raƙuma da jakuna, daga baya kuma motoci, suka riƙa kawo gyaɗa da auduga da fatu daga Zurmi da Shinkafi da Isa, har da ƙetaren iyaka. Manomi ya ga in ya ƙara gona zai ƙara kuɗi, amma hannu biyu Allah ya ba shi, kwanakin damina kuwa ba su ƙaruwa.

Dabarar farko da Ma'aikatar Gona ta kawo ita ce garmar shanu. An soma wannan a Arewa a 1928 da 'yan manoma kaɗan, ana ba mutum bashin bijimai biyu da garmar ƙarfe, yana biya sannu a hankali. Kafin shekarun 1950 masu noma da shanu sun kai dubbai. Tarakta ba ta shigo sosai ba sai bayan Yaƙin Duniya na Biyu, wanda ya ƙare a 1945.

Asalin gwamna

Gwamna ya girmi tarakta da fiye da shekara ɗari. A Ingila a dā akwai manyan duwatsun niƙa waɗanda iska ke juyawa. Iska kuwa ba ta da alkawari, wani lokaci ta yi ƙarfi, wani lokaci ta faɗi, gari ya fito yau da laushi gobe da tsaki. Sai masu niƙa suka ƙago wata dabara, suka rataya dunƙulen ƙarfe biyu a jikin wani sanda mai juyawa, yadda gudun dutsen da kansa zai riƙa gyara tazarar da ke tsakanin dutsen sama da na ƙasa. A 1788 James Watt, mutumin Sikotilan wanda ya kyautata injin tururi, ya ɗauki wannan dabara ya haɗa ta da ƙofar da tururi ke shiga inji. Kalmar gwamna kuwa, in aka bi salsalarta, daga tsohon harshen Rumawa ta fito, ma'anarta matuƙin jirgin ruwa. Mai mulkin jiha da wannan ɗan ƙarfe duk daga nan suka samo sunansu.

Duk wanda ya taɓa korar tsuntsaye a gonar gero da majajjawa ya riga ya san sirrin gwamna. In kana kaɗa majajjawa a hankali, dutsen yana rataye ƙasa-ƙasa. In ka ƙara sauri sai ya tashi, ka ji yana jan hannunka yana neman ya tsere. Haka dunƙulen ƙarfen nan suke. In inji ya yi gudu da yawa sai su buɗe waje, buɗewarsu ta tura wani hannu, hannun ya rage ƙofar tururi ko ta mai, gudu ya ragu. In kaya ya yi wa inji nauyi gudunsa ya faɗi, sai su koma ciki, ƙofar ta buɗe, ƙarfi ya ƙaru. Watau inji ne ke ja wa kansa linzami.

Amma tun a wancan zamani an lura wani gwamnan ba ya zama wuri ɗaya. Ya buɗe ya zarce, ya rufe ya zarce, inji ya yi ta hawa da sauka kamar mai haki. A 1868 wani masanin lissafi mai suna James Clerk Maxwell ya rubuta bayani a kan dalilin wannan, bayanin nasa kuwa yana cikin tushen ilmin sarrafa injuna da ake koyarwa a manyan makarantu har yau.

Daga Fordson zuwa Ferguson

A 1917 Henry Ford na Amurka ya fito da wata tarakta mai araha, sunanta Fordson. Ta farkon ba ta da gwamna. Direba ne ke ƙara mai da rage shi da hannunsa, in kuwa an ɗaura mata bel tana juya injin sussuka, sai wani ya tsaya kusa yana lura, don kada bel ya zame inji ya haukace. Saboda wahalar nan wasu kamfanoni suka riƙa ƙera gwamna dabam suna sayar wa masu Fordson su ɗaura. Ba a daɗe ba ya zama kowace tarakta da gwamnanta take fitowa.

Bambancin mota da tarakta ke nan. Direban mota ƙafarsa na kan totur koyaushe. Direban tarakta kuwa yana zaɓen gudun da yake so da wani ɗan hannu kusa da sitiyari, ya bar shi nan, ya mai da hankalinsa ga kunya da garma. Sauran aikin na gwamna ne.

A 1946 aka soma ƙera wata ƙaramar tarakta mai launin toka a birnin Coventry na Ingila, bisa dabarun Harry Ferguson, mutumin Ailan ta Arewa. Sunanta TE20, kafin a daina yin ta a 1956 an ƙera fiye da 500,000. Kamfanin Ferguson ya haɗu da na Massey-Harris a 1953, daga nan aka sami jajayen taraktocin Massey Ferguson, irin su 35 da kuma 135 wadda ta fito a 1964 da injin Perkins mai fistin uku. Su ne, tare da Ford da Fiat da Steyr, suka cika gonakin Arewa daga baya.

Yadda tarakta ta zo, da abin da ya same ta

Bayan yaƙi Ingila ta shiga ƙarancin man girki, Gwamnatinta ta ɗauka injuna za su fitar da ita. A 1947 aka soma wani babban shirin noman gyaɗa a Tanganika. Aka kai manyan injuna, har da tankokin yaƙi da aka mayar taraktoci. Saiwoyin itatuwa da ƙasa mai tauri suka cinye garemani, ruwa bai zo yadda aka zata ba, a 1951 aka bar shirin bayan an yi hasarar fam miliyan 36 da ɗoriya. A Nijeriya ma an gwada irinsa a Mokwa daga 1949 zuwa 1954. A can an koyi wani darasi wanda kowane tsohon manomi zai iya faɗa musu kyauta: tarakta tana iya buɗe gona mai faɗi, amma ciyawa da hannu ake nome ta, iyalin mutum kuwa ba su iya nome abin da ya fi ƙarfinsu.

A Lardin Sakkwato, wanda Ƙaura Namoda da Zurmi da Shinkafi suke cikinsa a lokacin, an soma wani shiri wajen 1950 na kafce fadamun shinkafa da manyan taraktoci, manomi yana biyan kuɗi gwargwadon ekarsa. Ya sauƙaƙa kaftun laka mai tauri ƙwarai, amma tarakta ba ta da iko da ambaliya, kuɗin tafiyar da injuna kuma ya yi yawa, shirin bai ɗore ba. Bayansa Gwamnati ta koma ga ajiye taraktoci tana ba da haya ga manoma.

Zamanin da taraktoci suka fi yawa shi ne na kuɗin man fetur. A 1975 aka buɗe shirin raya aikin gona na Gusau da taimakon Bankin Duniya, tare da na Funtuwa da na Gombe. A 1976 Gwamnatin Janar Obasanjo ta yi shelar ciyar da ƙasa, a 1978 aka gama madatsar ruwa ta Bakolori kusa da Talatar Mafara, a 1980 kuma Gwamnatin Alhaji Shehu Shagari ta kawo nata shirin bunƙasa noma. Aka riƙa harhaɗa taraktocin Steyr a Bauchi, na Fiat a Kano. Amma a daidai lokacin nan gyaɗa, wadda ita ce uwar arzikin Ƙaura Namoda, ta riga ta durƙusa, domin farin 1973 da cutar da ta auka mata a 1975. Sa'an nan a 1986 aka rushe hukumomin sayen amfanin gona, darajar naira ta faɗi, kayan gyaran da ake kawowa daga waje suka yi tsada. Taraktoci da yawa suka zauna a harabar ma'aikatu, tayoyi a sace, kaji na ƙwai a ƙarƙashinsu. Waɗanda suka tsira su ne waɗanda suka faɗa hannun masu kula da su.

In aka duba tarihin nan duka, abu guda ke maimaita kansa. Sayen inji ya fi riƙonsa sauƙi. Kowace Gwamnati ta san yadda za ta kawo sababbi, amma man da ya dace, da matacin iska mai tsabta, da makanike wanda ya san abin da yake taɓawa, su ne suka yi ƙaranci.

Yadda ake daidaita gwamna

Tsohuwar tarakta takan nuna ciwon gwamna ta hanya uku. Ko ta riƙa hawa da sauka ita kaɗai, ko ta kasa ƙara ƙarfi in garma ta kama ƙasa har ta nemi mutuwa, ko kuwa ta yi gudun da ya wuce ƙa'ida in an ɗaga garma. Mai hankali ba ya fara kai sifana ga gwamna. Yakan duba matacin mai da matacin iska tukuna, domin harmatan da ƙurar gona suna toshe su, inji mai jin yunwa ko mai shaƙewa kuwa yakan yi kamar gwamnansa ne ya lalace.

A tarakta mai shan fetur ko kananzir, irin su tsohuwar Ferguson, gwamna yana gaban inji, wani ɗan sandan ƙarfe ya haɗa shi da kafireta, akwai kuma sifirin da ke jayayya da nauye-nauyen nan masu buɗewa. Abu na farko, a kashe inji, a girgiza kowace gaɓa ta sandunan nan da hannu. In ramukan sun cinye suna lilo, ko tsatsa ta riƙe su, sai a gyara wannan, domin gwamna ba ya iya mulki da hannu mai rawa. Na biyu, inji na kashe, a buɗe hannun totur duka, a duba ko ƙofar kafireta ta buɗe sarai. In ba ta kai ba, ko ta kai tun hannun gwamna bai ƙare tafiyarsa ba, sai a kwance noti a ƙara tsawon sandan ko a rage, har su dace. Na uku, a ta da inji a bar shi ya yi zafi, a mai da totur ƙasa, a daidaita silo da ɗan sukurun da ke jikin kafireta. Na huɗu, a buɗe totur duka ba tare da kaya ba, a auna gudu da agogon awon juyi, a gwada da lambar da ke cikin littafin tarakta. Ƙara wa sifirin tauri yana ƙara gudu, sassauta shi yana ragewa. Na biyar, in har yanzu inji na hawa da sauka, yawancinsu suna da wani sukuru a jikin murfin gwamna wanda ke tare wannan rawar. A murɗa shi ciki kaɗan-kaɗan, da rawar ta tsaya a tsaya, a ɗaure notinsa. In aka zarce, silo zai tashi.

A tarakta mai shan man gas kuwa, su ne suka fi yawa a ƙasarmu, gwamna yana cikin famfon da ke tura mai zuwa nozul. A waje sukuru biyu kaɗai ake gani, ɗaya na silo, ɗaya na iyakar gudu. Na silo kowane makanike mai lura yana iya taɓa shi. Na iyakar gudu kuwa kamfani yakan ɗaure shi da waya ya buga masa hatimin darma, ba don ado ba. In ana zaton ciwon yana cikin famfo, a cire shi a kai wa masu gyaran famfo waɗanda ke da injin gwaji. Kafin haka a tabbata iska ba ta shiga bututun mai ba, domin ita ma tana sa inji hawa da sauka. Tsohuwar Fordson Major, wadda ta fito a 1952, nata gwamnan dabam ne: da zuƙar iska yake aiki, ta hanyar wata 'yar fata mai laushi, in fatar nan ta huje inji yakan tashi da gudu ba da izinin kowa ba.

A nan ne direbobi da yawa ke cutar masu tarakta. Mai aikin haya ana biyansa bisa yawan gonar da ya gama, layi kuwa ya yi tsawo da ruwan farko. Sai ya tsinke wayar nan ya buɗe sukuru, wai don tarakta ta ƙara sauri. Ga lissafin da bai sani ba. Ƙarfin da ke fizgar abin da ke juyawa ba daidai da gudu yake ƙaruwa ba. In gudu ya ninka biyu, fizgar takan ninka huɗu. In an ƙara kashi 10 cikin 100 na gudu, wahalar da ke kan ƙarafan cikin inji takan ƙaru da wajen kashi 21 cikin 100. Tsofaffin taraktocin nan galibi an yi su ne su yi aiki tsakanin juyi 2,000 da 2,300 a minti guda. Wanda ya wuce da su nan zai sha mai da yawa, inji ya yi zafi, wata rana kuma ƙarfe ya fasa cikin inji ya fito waje ana tsakiyar damina. In garma ta yi wa tarakta nauyi, maganin shi ne a sauko da giya ko a rage zurfin garma.

Haka kuma sandan da ke bayan tarakta, wanda ke juya injin casa ko famfon ban ruwa, an ƙayyade masa juyi 540 a minti. In gwamna bai riƙe wannan gudu ba, injin casa zai farfasa ƙwaya ko ya bar ta a jikin zangarniya.

Akwai kashedi guda wanda ya kamata kowane direba ya riƙe. In injin gas ya ƙwace ya yi ta ƙara gudu, aka ja abin kashewa bai mutu ba, sai a toshe bakin da yake shaƙar iska da katako mai faɗi ko wani abu mai kauri. Kada a sa tafin hannu. Inji ba ya ci sai da iska, da ta yanke zai mutu.

Abin da ya rage gare mu

An kafa Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya a Ƙaura Namoda a 1983, Jihar Zamfara kuma ta samu a 1996. Jirgin da ya raya garin ya yi shekaru da yawa bai ɗauki gyaɗa ba, tun daga shekarun 2010 kuma 'yan bindiga sun raba manoma da yawa na Zurmi da Shinkafi da Ƙaura da gonakinsu na nesa. Saboda haka ɗan abin da ake iya nomawa kusa da gari ya ƙara daraja, sabuwar tarakta kuwa ta fi ƙarfin aljihun yawancin mutane. Tsohuwar da ta shekara arba'in tana aiki dukiya ce ta gari duka, domin ranar da ta tsaya ba mai ita kaɗai ke hasara ba, har da duk wanda ke jiran layi ya shuka kafin ruwa ya wuce.

Kai mai karatu, ko ba ka da tarakta, wataƙila kana da injin ban ruwa a fadama, ko injin niƙa, ko janareta. Kowannensu da gwamnansa, dokarsu kuwa ɗaya ce. Tun da Allah ya sa ka iya karatu, nemi littafin injinka, ka duba lambar da maƙeransa suka rubuta, ka sa a daidaita shi a kanta, sa'an nan ka hana kowa taɓa shi don gaggawa. Hausawa sun ce da tsohuwar zuma ake magani, amma fa sai wadda aka adana. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya maido da zaman lafiya a gonakinmu, amin.